Amsa ga Yaya kan makarantar Ummi

Yaya na ga saƙonka, wai me ya hana ni zuwa wajen hedimasta da kaina kan gurbin sakandaren 'yata Ummi ko in nemi wani babba ya sa baki, har kana cewa zaman Ingila ya mai da mu Turawa ba mu san yadda ake neman abu ba. Wallahi maganar ta taɓa ni.

Nan ba hedimasta ke rabon gurbi ba. Fom ake cikewa ta hannun kansil, wato ƙaramar hukuma, kafin 31 ga Oktoba, ran 1 ga Maris a faɗa maka sakandaren da ɗanka ya samu. Wadda muke so ta cika, da suka auna nisan gida sai muka faɗo a waje, aka tura Ummi wata mai nisa da sai an hau bas biyu, yarinyar da ka san tana da sikila, ga sanyin hunturun nan da kan kwantar da ita asibiti. Shi ne na ɗaukaka ƙara, afil muke ce masa, kuma ko sisi ba a biya. Ana ba ka aƙalla kwana 20 na ranakun makaranta ka rubuto hujjarka, sannan a kira ka gaban mutum uku da ba su da alaƙa da makarantar, da magatakarda yana rubutawa. Wakilin makaranta ya fara bayanin dalilin da ƙarin yaro ɗaya zai takura su, kai ma ka kawo naka, su auna wanne ya fi nauyi. Abin da suka yanke dole makaranta ta bi. Afil na ƙananan azuzuwan firamare ne mai wuyar ci, don doka ta tsayar da aji a yara 30.

To ka san wa ta zauna kusa da ni ranar? Matar Auta, Baturiyar nan da har yau a gida ba a kiran sunanta sai dai "waccan". Ita ta matsa min in karɓo wasiƙar likitan sikila, ita ta hau bas ɗin da ni da sassafe muka ƙirga mintocin, da muryata ta fara rawa a gaban mutanen nan hannuna ta riƙe. Kafin ranar kuma matanmu na nan Mancesta sun taru a falona bayan an tashi islamiyya ran Asabar, wata ta zama shugabar kwamiti tana jefo min tambayoyi, wata na gyara min amsa, ga tuwo a kan wuta. In wannan ba gayya ba ce to ban san gayya ba, amma ku kullum tambayarku ko yaranmu na jin Hausa, Ummi kuwa ita ke wa ƙannenta tatsuniyar Gizo.

Na tuna ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya riƙo hannuna zuwa firamare a Zariya da goro a aljihu don gaisuwar malamai, da hedimastan ya miƙe ya ba shi kujera. Ina kewar wannan sosai Yaya, ban raina shi ba, kawai nan in ka kai wa wani abu kafin zaman to ka ɓata ƙararka da hannunka.

Wasiƙa ta zo cikin mako guda, sun ba ta gurbin alhamdulillahi, Satumba za ta fara kuma da ƙafa za ta riƙa zuwa. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, in da mai zuwa kuma a ba shi kuka da daddawa, namu sun ƙare.