Ga mai son zuwa Birtaniya karatun adana tsofaffin gine-gine a kwamfuta

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama karatun zanen gine-gine a Zariya, kana son digiri na biyu a kan HBIM, wato gina tsohon gini a cikin kwamfuta tare da duk bayanansa, kuma kana tambaya ko akwai abinci a harkar.

Akwai, sai dai ba inda kake hange ba. Kowa da labarin cocin Notre-Dame na Faransa yake ruɗuwa: gobara ta cinye rufinsa ran 15 ga Afrilu 2019, aka ci sa'a marigayi Andrew Tallon ya riga ya auna shi da na'urar leza. Amma awon ai shi ne mai sauƙin. Na'urar miliyoyin ɗigo kawai take ba ka, ba ta san wannan dutse ne, wancan katako ne da ya ruɓe ba. Kai za ka zauna makonni kana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ga Revit, manhajar da ake gina ginin da ita a kwamfuta, don sabon gini mai miƙaƙƙen bango aka yi ta. Tsohon bango kuwa ya karkace, ya yi ciki, kaurinsa a gindi daban da na sama, sai ka yi ta dambe da manhajar kafin ta yarda.

Babban ciwon kan shi ne musayar bayanai. Mai zane da manhajarsa, injiniya da tasa, masu ginin kuma tsofaffin takardu ne cike da kabad. Wanda ya iya tsarin IFC na musayar bayanan gini tsakanin manhajoji, da ƙa'idar ISO 19650 ta sarrafa bayanan gini, ya haɗa kan waɗannan, shi ake nema. Hukumar Historic England mai kula da tsofaffin gine-ginen Ingila ta fitar da jagora kan HBIM a 2017, nemo shi ka karanta, kyauta ne.

Tun 2016 gwamnatin Birtaniya ta wajabta BIM, wato gina gini a cikin kwamfuta tare da bayanansa, a kwangilolinta, don haka yawancin guraben aiki a sababbin gine-gine suke. Kamfanonin gyaran tsofaffin gine-gine ƙanana ne, ba kowanne ke iya ɗaukar nauyin biza ba. Kuma tun Janairun 2024, ɗalibin digiri na biyu na darussan aji, ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali.

Kafin ka biya ko sisi, nemi izinin mai gida a cikin birnin Zazzau, ka ɗauki hotunan zaurensa ta kowace kusurwa, ka haɗa su a manhajar Meshroom ta mayar da su siffar ginin a kwamfuta, ka gyara siffar a manhajar CloudCompare. Bayan damina ka koma ka sake, ka nuna inda ruwa ya zaizaye yaɓen. Wannan za ka tura wa jami'ar tare da takardunka.