Yadda za ka ware shafuka daga PDF bayan sabunta manhaja

Ɗan'uwa mai shagon buga takardu a Gusau, ka ce tun da ka sabunta manhajar buɗe PDF ka daina ganin maɓallin cire shafuka, ga ɗalibai na jiran ka ware musu shafi 2 daga fayil mai shafi 40.

Sau da yawa maɓallin yana nan, wuri aka sauya masa, ko an mayar da shi sashen masu biyan kuɗi. Amma ba sai ka jira shi ba. Buɗe fayil ɗin da Chrome ko Edge, ka danna Ctrl da P. A wurin zaɓen firinta, ɗauki "Save as PDF" ko "Microsoft Print to PDF", wanda ya zo da Windows 10 a 2015. Rubuta shafukan da kake so, misali 3-4, ka adana da sabon suna, kada ka danne na asali. Ni da haka nake aiki kullum a Birnin Kebbi.

Inda ake yawan kuskure shi ne lamba. Wadda aka buga a ƙasan shafi ba lallai ta dace da ƙirgen kwamfuta ba, domin bango ma shafi ne a wurinta. Duba hoton shafin tukuna. Kuma don Allah kada ka ɗora takardun mutane masu ɗauke da lambar NIN a shafukan intanet na kyauta. Amana ce a hannunka.

Idan takardar na da sa hannun lantarki, wannan hanyar tana rusa ingancinsa. Ita da wadda aka kulle da kalmar sirri, a koma ofishin da ya bayar da su.