Wane aiki ake miƙa wa gajimare, wane ake bar wa waya?

Yarona, ka tambaye ni ko kwashe dukan aikin manhajar sayayyar da kake ginawa zuwa gajimare, wato manyan kwamfutocin da ake haya ta intanet, zai magance nauyin da take yi a ƙananan wayoyi. Zai magance wani ɓangare, amma idan ka kwashe komai ba lissafi, saurin da ka samu a kwamfuta mai ƙarfi za ka zubar da shi a hanya.

Dubi wayar da ke hannun mai saye tukuna. Yawancin mutanenmu Itel ko Tecno suke riƙewa, wasu ma'adanar aikinsu ba ta wuce gigabait 2 ba, kuma kowa yana tattalin data da caji. Saboda haka duk aiki mai cin ƙarfi na sabar ne, wato kwamfutar da ke can cikin gajimare. Hoton atamfar da ɗan kasuwa ya ɗauka yana iya kai megabait 4, to sabar ce za ta rage shi zuwa abin da bai kai kilobait 100 ba kafin ya isa wayar kowa, kuma ita ce za ta binciko kaya cikin dubbai ta aiko da ashirin na farko kawai.

Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne nisa. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka saƙon da ya tashi daga Kano zuwa sabar da ke Landan ya dawo yakan cinye fiye da milisakan 100, ban da jinkirin netwok ɗin waya. Idan shafi ɗaya yana aika buƙatu goma, kowace tana jiran ta gabanta, daƙiƙa guda ta tafi kafin a ga komai. Haɗa su cikin buƙata ɗaya, hotuna kuma ka ajiye kwafinsu kusa da jama'a ta hanyar kamfani irin Cloudflare, wanda yake da cibiya a Legas. AWS, sashen gajimare na kamfanin Amazon, ya buɗe cibiyarsa a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024, sai dai kada taswira ta ruɗe ka, domin wani lokacin hanyar zuwa Turai ta fi sauri. Aunawa ce za ta raba gardama.

Kwandon sayayya da jerin kayan da mutum ya riga ya buɗe kuwa, a waya za su zauna, a daidaita su da sabar idan netwok ya dawo. A watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajar da ba ta ajiye komai a waya ba ta da abin nunawa. Biyan kuɗi da tabbatar da farashi ne kawai ba na yarda a bar wa waya, dole sabar ta yanke hukunci a kansu.

Kafin ka kawo mini aikin, gwada shi a waya mai araha a kan 3G, sannan ka lissafa kuɗin datar da sabar take fitarwa a wata, domin yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke caji.