Amsa ga Yaya kan shanyewar ɓarin jiki a karkara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Yaya, na saurari muryar da kika turo ɗazu, inda kike tambaya wai me ya sa yanzu ake ta jin shanyewar ɓarin jiki a ƙauyuka, alhali mutanen karkara masu aikin ƙarfi ne, ba ƙiba, ba zaman ofis. Kin ce ke a saninki ciwon masu hali ne, kuma hankalinki ya tashi saboda Baba. To bari in amsa da baki, ku yi haƙuri in ta yi tsawo.

Abin da kike gani gaskiya ne, ba idonki ba ne. Ƙididdigar duniya ta 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 12 ne ciwon ke kamawa a shekara, sama da miliyan 7 kuma su rasu. In aka kwatanta da 1990, yawan masu kamuwa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100, saboda jama'a sun ƙaru kuma ana ƙara tsawon rai. Mafi yawan mace-macen, fiye da kashi 80 cikin 100, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa. A ƙasar Sin ma ƙauye ya riga ya wuce birni a wannan ciwo, a Amurka kuma mutanen karkara sun fi na birni mutuwa da shi.

Me ya kawo haka? Hawan jini, Yaya. Shi ne uban tafiya. Wani babban bincike da ake kira INTERSTROKE, da aka yi a ƙasashe 32 aka fitar a 2016, ya gano abubuwa 10 ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon, kuma hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan rabi. Sauran sun haɗa da taba, ciwon suga, barasa, ciwon zuciya da kitse a jini. Ga kuma hayaƙin itace da mace ke shaƙa shekara da shekaru, shi ma yana cikin masu lalata jijiya. Shi hawan jini ba ruwansa da ramarka, ba ruwansa da ƙarfin damtsenka. Mutum zai yini a gona garau, jininsa na 180 bisa 110, ko ciwon kai babu. Na birni ko zazzaɓi ya kai shi asibiti za a ɗaura masa abin awo a hannu a gano. Na ƙauye sai ya kai shekara 60 ba a taɓa auna shi ba. Nan bambancin yake.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, har yau yana taɓa ni. Wani dattijo, manomi, yana zaune da iyalinsa sai cokali ya suɓuce masa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta zama kamar ta mai magagin barci. Ba a yi minti 10 ba ya warware, har ya yi dariya ya ce gajiya ce. Kwana 3 bayan nan aka kawo mana shi asibiti a kwance, ɓarin dama ba ya motsi. Wancan na farkon gargaɗi ne, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya tsaya na ɗan lokaci ya wuce. Da a ranar aka zo, wallahi da akwai abin yi sosai.

Don haka ku riƙe alamun nan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe, gani ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Ko da ya sake shi, a tafi asibiti. A lura da lokacin da abin ya fara, domin allurar da ke narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Kun ga mai nisa da asibiti ba shi da lokacin cewa a bari gari ya waye. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, sai ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe. Kuma don Allah kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai. Ciwon iri biyu ne, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, kuma in fashewa ce asfirin ƙara zubar jinin zai yi.

Abin da ke ƙarfafa min gwiwa shi ne an gwada rigakafi a ƙauyuka kuma ya ci. A ƙasar Sin an ɗauki ƙauyuka 326, mutum kusan 34,000, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyen, ba manyan likitoci ba, su riƙa auna jini, su ba da magani, su bi mutum har gida. Da aka fitar da sakamako a 2023, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan kashi 1 cikin 3. Wani binciken kuma na ƙauyuka 600, na 2021, gishiri kawai aka sauya musu da wanda aka gauraya da wani sinadari da ake kira fotasiyam, ciwon ya ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishirin sai da izinin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya dai cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci.

Inda muka fi shan wahala shi ne barin magani. Mutum zai sha wata ɗaya, a auna a ce jini ya sauka, sai ya ajiye ya ce ya warke. Maganin ne ya riƙe shi a ƙasa, ana sakinsa zai koma sama a ɓoye. Da yawa cikin waɗanda ake kawo mana a kwance akwai ragowar ƙwayoyinsu a gida.

Yaya, gobe in Allah ya kai mu ki sa a kai Baba a auna shi. Ya zauna ya huta minti 5 tukuna, a auna sau biyu, a sake wata rana daban. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a ga ma'aikacin lafiya. Ki turo min lambobin ta waya mu duba tare, ke ma a auna ki. Allah ya ƙara masa lafiya. Sai da safe.