Wai kwas ɗin Nutrition girki ake koyarwa?

Ƙanwata kin ce an ba ki Nutrition and Dietetics, wato ilimin abinci mai gina jiki da tsara abinci don lafiya, maimakon likitanci da kika nema, 'yan gida kuma na ta tsokanarki wai za ki jami'a koyon girki. Rabu da su wallahi, ba su san kan abin ba.

Kimistiri ne zai fara gwada ki, musamman bayokimistiri a aji biyu, nan ne ake sanin yadda tuwon da kika ci yake komawa sukari cikin jini da yadda insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ke aiki a kansa, ga fisiyoloji (yadda sassan jiki ke aiki) ga lissafin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), in kin yi wasa sai kari-oba. Shekara 4 ne galibi, in kuma asibiti kike so sai kin ƙara shekara 1 ta horo kafin ki tsaya da ƙafarki wajen tsara wa masu ciwon suga, hawan jini da ƙoda abinci.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ɓangaren tamowa. Akwai wani ɗan tef mai launi da ake naɗa wa yaro a damtse, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ja, to abin ya yi tsanani, sai a ɗora shi kan wani maɗin gyaɗa na leda da ake yi musamman don masu tamowa, ƙulli ɗaya kalori 500 ne. Yaron da ko kuka ba ya iyawa, bayan 'yan makonni ki gan shi yana ƙwace ledar a hannun uwarsa.

Aiki kam sai an nema, amma UNICEF da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin abinci na ɗauka, sai dai ki dage da koyon kwamfuta tun yanzu don rahoto suke so sosai.