MPV a takardar gwajin jini: amsa ga mai koyon aiki

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa jinin mutum ɗaya ya ba ka MPV 9.2 da safe, da ka maimaita awon kwalbar bayan azahar ya ba ka 10.4, kuma ko wannan hawan yana nufin ciwon zuciya ne. Jinin yana nan yadda yake a jikin mai shi. A cikin kwalbarka ne ya canza.

MPV matsakaicin girman filatilet ne, ƙananan ƙwayoyin nan da ke toshe rauni su sa jini ya daskare. Ɓargo ne ke yin su, kuma kwana 7 zuwa 10 suke yi a jini. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa 450,000 a mikrolita ɗaya (ɗan mitsitsin ɗigon jini), girmansu kuwa kamar femtolita (ma'aunin girman ƙwayar jini) 7.5 zuwa 11.5, gwargwadon na'urar da ka yi aiki da ita. Manyan su ne sababbin fitowa, sun fi ƙananan saurin mannewa da haɗa gudan jini. Shi ya sa ake yawan samun MPV a sama ga masu toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, da masu ciki da hawan jini ya kai su bakin jijjiga.

Kumburi kuwa nasa daban ne, nan ne sababbin hannu ke ruɗewa. In kumburin mai sauƙi ne wanda ya daɗe, MPV kan hau. In mai tsanani ne yana kan ganiyarsa, irin amosanin gaɓɓai da ya tashi ko kumburin hanji mai gyambo, sai yawan filatilet ya ƙaru amma girmansu ya ragu. Ana ganin manyan ne suke ƙarewa a wurin kumburin, ɓargo kuma yana sakin ƙanana da yawa.

To, kwalbarka. Sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa da ke cikin mai murfi shunayya yana kumbura filatilet a hankali, daga fayau su koma dunƙulallu, kuma yawancin kumburar a awa biyun farko take. Na'urar da ke auna su da wutar lantarki ta ƙaramar huda, irin wadda muke da ita, sai ta nuna ƙari. Mai auna su da haske kuwa tana iya nuna ragi. Saboda haka ka rubuta lokacin ɗiba a jikin kwalba, ka auna cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma ka riƙe lokaci guda kullum. Kada ka sa a firiji kafin awo, sanyi yana canza musu siffa. Cika kwalba daidai layinta, domin in jini ya yi kaɗan EDTA ya yi masa yawa. Juya ta a hankali sau 8 zuwa 10, ban da girgizawa. Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya.

Na'ura ba ta san filatilet ba, girma kawai take gani. Jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar na mai tsananin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko gutsattsarinsu, sai ta ƙirga su a cikin filatilet, MPV ya hau na ƙarya. Filatilet manya-manya kuma takan tura su cikin jajaye, adadi ya faɗi. Dubi zanen girman filatilet da take bugawa: in wutsiyarsa ta dama ba ta sauko ƙasa ba, kada ka saki sakamakon. Shafa jini a gilashi, ka rina da rinin Leishman, ka duba da madubin ganin ƙwayoyi mai ɗigon mai, har gefe-gefe da wutsiyar shafin. In ka tarar sun cure wuri guda, mai yiwuwa EDTA ne ya tara su. Sake ɗiba a kwalba mai murfi shuɗi ta sitiret, wani sinadarin hana daskarewa, ka ninka adadin da 1.1 saboda ruwan da ke cikinta. Amma MPV na sitiret ya fi na EDTA ƙanƙanta, kar ka gwada su da juna.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne in an haɗa shi da adadi. Filatilet kaɗan, MPV sama: ana cinye su ne a jiki, ɓargo yana ƙoƙarin mayarwa, kamar a zazzaɓin cizon sauro ko inda garkuwar jiki ke lalata su. Da damina za ka sha ganin wannan, sai ka duba shafin ko akwai ƙwayar maleriya. Filatilet kaɗan, MPV daidai ko ƙasa: a zargi ɓargon, musamman ga mai karɓar maganin kansa.

Batun zuciya kuwa, bambancin da ke tsakanin masu ciwon da lafiyayyu bai cika kai femtolita ɗaya ba, ga shi jinkirin kwalbarka kaɗai ya ba ka 1.2. Likita da ke zargin zuciya ECG (awon bugun zuciya) da turofonin (gwajin jini mai nuna raunin zuciya) zai nema, mai bin kumburi kuma gwajin jini na CRP ko ESR. Idan majinyaci ya tare ka a ƙofa da takardarsa, ka ce ya kai wa likitansa. Sakamakon safe za ka saki, ka rubuta lokacin ɗiba da lokacin awo a ƙasansa.