Aikin pankiriyas da gyaran jijiya: me za a sa wa ido?

'Yar'uwa, kin ce likita ya gaya muku ƙarin da ke kan pankiriyas ɗin Baba (wata gaɓa a bayan tumbi da ke taimakawa wajen narkar da abinci da daidaita suga a jini) ya manne da babbar jijiyar da ke kai jini hanta, za a yanke wani sashe a ɗinke, kina tambayar haɗarinsa. Allah ya ba shi lafiya.

Wannan aiki na cire ƙarin, wanda ake kira Whipple, babba ne, gyaran jijiyar kuma yana ƙara masa nauyi. Jini na iya daskarewa a wurin ɗinkin, ciki ya tara ruwa, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yoyon ruwan pankiriyas, domin yana cin nama, har ya huda jijiya bayan kwanaki. In kin ga jini, ko ɗan kaɗan ne, a robar da za a sa masa a ciki don fitar da ruwa, ko baƙin bayan gida, ko zazzaɓi, ki kira likita nan take, ko tsakar dare ne.

Amai da rashin cin abinci sukan ɗau makonni, ciwon suga ma na iya biyo baya. In a waje za a yi aikin, kada ku yi gaggawar dawowa Damagaram, hanyar da nisa. Ku kuma tanadi dangin da za su ba da jini tun yanzu.